Ƙafar Baba da Motar da Ba Ta Son Rarrafe

Ni mutum ne mai son a yaba masa, matata ta riga kowa sanin haka. Shekarar da na sayi mota kuwa abin ya ƙaru. Tsohuwa ce daga Turai, ta biyo ta Kwatano kamar sauran 'yan'uwanta, amma a layinmu na unguwar Zariya sabuwa ake ce mata. Otomatik ce, babu taka ambireyaji, wato kuloci, babu kokawa da giya. Ina koyarwa a wata kwaleji, hanyata daga gida zuwa lakwal kwalta ce, kuma da sassafe nake fita kafin gari ya cika. In na taka ta, ko kaɗan ba ka jin lokacin da take sauya giya. Duk wanda na rage wa hanya sai na tambaye shi ko ya ji wani motsi. In ya ce bai ji ba, sai in gyara zama kamar ni na ƙera ta.

Mahaifin matata manomin rani ne a Jiratawa, zogale da tattasai yake yi. Tun da na auri 'yarsa ba mu taɓa haɗa ido ba. In na je gaishe shi, daga nesa nake tuɓe takalmi in tsuguna, shi kuma ya juya fuska gefe ya amsa. Ba na cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunana, Mushe yake ce mini kamar yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu. Duk wata magana mai tsawo tsakaninmu ta bakin babban ɗansa take bi, yayan matata, wanda ni ma Yaya nake ce masa. Wannan kunyar ba ta taɓa damuna ba. Ina son tsohon, kuma na san yana sona.

Wata rana ya zame a bakin kanal yana buɗe wa gona ruwa, ƙafarsa ta karye ƙasa da gwiwa. Aka ɗauko wani maɗori daga Tibiri ya zo har gida ya ɗora shi, ya ɗaure da kara da tsumma, ya ja kunne cewa kada ƙafar ta motsa. Bayan an kwana biyu ya aiko cewa a kawo tsohon ya duba ɗorin, don gidansa cike yake da masu karaya, ba zai samu fitowa ba.

Yaya ya riga ya yi magana da wani mai buɗaɗɗiyar mota da ke kai kayan lambu kasuwa, za a shimfiɗa katifa a baya. Da matata ta gaya mini sai raina ya ɓaci. Na ce yaya za a yi ina da mota a ɗauki Baba cikin motar tattasai kamar buhu? Na ce ta gaya musu motata ko kofin ruwa aka aza a ciki ba ya zuba. Yaya ya ɗan yi gardama, amma da maganar ta kai kunnen tsohon sai ya ce a sallami mai kayan lambu, motar Mushe zai shiga.

Muka kwantar da shi a kujerar baya, aka tallafe ƙafar da matashi, Yaya ya zauna gaba kusa da ni. Abu na farko da na yi shi ne na karkatar da madubin ciki, don kada idona ya faɗa cikin nasa. Sannan na ƙudura a raina cewa yau zan yi tuƙin da ban taɓa yi ba. Mutum ba ya gudu da surukinsa ko da lafiyarsa ƙalau, balle da karaya.

Lungunan Jiratawa rairayi ne. Na dinga jan motar a hankali, ƙafata na tsakanin birki da totur, in saki kaɗan in taka kaɗan. Kafin mu hau kwalta ta yi wata 'yar zabura, na ɗauka rami ne. A kan kwalta ma ban ƙara wuta ba, masu babur suna wuce mu, har wani mai keke da damin ciyawa ya wuce yana leƙenmu. Yaya yana ta cewa haka ya yi, a bi sannu. Daga baya ba na jin komai sai ƙarar tasbaha.

Ranar kasuwa ce, ni kuwa ban yi tunanin haka ba. Hanyar Tibiri ta cikin garinmu ta ratsa, tun daga bakin gari muka tarar da cunkoso, wajen Sabon Gari kuwa hanya ta cushe da adaidaita da kabu-kabu da amalanken shanu. Ka matsa taku kaɗan, ka tsaya, ka sake matsawa. A nan motar ta nuna mini halin da ban san tana da shi ba. In na saki birki sai ta yi jim, ta hau karkarwa, sannan ta fizga gaba da ƙarfi. In na taka birki ta dunguro. Na ƙara sassautawa, ita kuma ta ƙara haukacewa. Wani wari kamar na ƙonannen fata ya fara shigowa, wata fitila ta kama a gabana. Yaya ya dafe gaban mota ya ce, "Mushe, mi kaka yi haka? Ɗauke ƙahwarka mana." Na rantse masa ba ni ba ne, amma wa zai yarda? Ni ke riƙe da sitiyari.

Wani mai amalanke ya gitta, na tsaya, ya wuce, na saki birki. Motar ta yi shiru kamar ta mutu, sai kuma ta yi wani tsalle da har kaina ya bugi kujera. Na ji wani abu ya bugi ƙofar baya, na ji an ja numfashi ta tsakanin haƙora. Ƙarar tasbaha ta ɗauke. Wallahi na so in juya, na so in ce Baba sannu, ko in tsaya a sauke shi a nemo wata mota. Amma kunya ta hana ni, na ci gaba da kallon hanya. Yaya ne ya waiwaya ya tambaye shi. Tsohon ya ce lahiya lau, mu tahi.

Da muka fita gari muka kama hanyar Tibiri, tsoro ya sa na ƙara rage gudu, motar kuwa ba ta fasa ba. Muna sauka kwalta muka shiga rairayin unguwar maɗorin, ta ƙi shiga giya gaba ɗaya. Injin yana kuka, tayoyi ba sa juyawa. Mutanen da ke zaune a gindin wata bishiyar bedi suka taso, aka ɗauki tsohon a tabarma aka ƙarasa da shi. Da suka wuce ta gabana na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya ciji gefen rawaninsa.

A zaure aka kwantar da shi. Na tsuguna can bakin ƙofa wajen takalma. Maɗorin ya kwance tsumman, ya zare karan, ya shafa ƙafar da yatsunsa, sai fuskarsa ta canza. Ya ce ƙashin ya goce daga inda ya aza shi, kuma gocewar ba ta daɗe ba. Ya tambaya cikin faɗa wa ya motsa masa ɗori.

Tsohon bai ko yi jinkiri ba. Ya ce, "Ni na ja ma kaina. Da asuba na ce sai na miƙe na yi alwala da kaina, ƙahwar ta turguɗe. Taurin kai ne irin namu na tsohwahhi."

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Na ce, "A'a, ba haka ba ne. Motar ce."

Mutanen zauren suka juyo suna kallona. Akwai dattawa a ciki, akwai masu jinya. Sai da na ga yadda Yaya ya runtse ido na gane abin da na yi. Ni ina ganin gaskiya na faɗa, ashe a gaban mutane na ƙaryata surukina, mutumin da ya yi ƙaryar don ya rufa mini asiri. Kuma wannan ce magana ta farko da na taɓa sa masa baki a ciki. Bai dube ni ba. Ya dubi maɗorin ya ce, "Malam, da ni kake magana. Ni ke da ƙahwar, ni na san inda ta goce."

Na ja jiki na fita ko takalmi ban saka daidai ba. Don in samu abin yi na kira mutumin da ya sayar mini da motar. Ya yi dariya ya ce ai irin wannan ambireyaji biyu gare ta a ciki, ɗaya na riƙe da giya, ɗayan na jiran mai zuwa, shi ya sa a kan gudu ba a jin sauyinta. Amma ba ta son rarrafe. In ana jan ta a hankali ana tsayawa, sai su yi zafi su riƙa kamawa suna saki. Ya ce in bar ta ta huce, kuma in zan tafi in taka ta sosai. Yana cikin bayani na ji ihun tsohon daga zaure, ana jan ƙafar a mayar da ƙashin. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Na kashe wayar na zauna a ƙasa a bayan motar.

Da la'asar Yaya ya fito ya ce zai kira mai kayan lambu. Na ce hakan ya fi. Ya koma ciki ya faɗa, sai na ji muryar tsohon ta ƙofar, a shaƙe amma ba rawa: "Ce ma Mushe shi kawo motar bakin ƙohwa. Cikinta na zo, cikinta za ni koma. So kake gobe a ce cikin Jiratawa motar mijin ɗiyata ta karya ni?"

Haka aka sake kwantar da shi a bayana. Motar ta huce, kasuwa ta watse, na taka ta kamar yadda aka ce, Yaya yana hararata yana ganin rashin kunya ce ta sa nake gudu. Ban yi masa bayani ba, don tsohon zai ji.

Ƙafar ta warke, amma ta ɗan gajarta. Har yau da sanda yake zuwa gona, yana ɗingishi. Labarin alwalar asuba shi ne labarin da kowa ya sani a gidan, har matata ba ta san gaskiyar ba sai da na gaya mata da kaina. 'Yata ƙarama, wadda ke wasan jika da shi tana ce masa mijinta, ita ma shi ta tashi da ji. Sallar da ta wuce muka je gaisuwa, ta faɗa jikinsa ta ƙwace sandar ta ce ita ta fasa auren, ba ta son miji gurgu, wa ya ce ya miƙe bayan an hana shi? Gidan ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi dariya har da tari, ya ce, "Taurin kai ne, amarya. Ki yi haƙuri da ni."

Ina tsugune a gefen tabarma, kaina a ƙasa, ina jira a gama dariyar in gaishe shi.