Barau da Baka Mai Tayoyi

Duk wanda ya taɓa sayen dabino a gindin dutsen Uhudu a Madina, wataƙila na Barau ya saya bai sani ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gemu da ke zaune bayan kwalayen dabinon ajwa da busasshen na'ana, wanda sai ka yi ta sallama kafin ya dawo daga inda hankalinsa ya tafi. Ba nisa yake zuwa ba. Ɗan tudun nan ne da ke gaban rumfarsa, Dutsen Maharba, inda alhazai ke hawa suna ɗaukar hoto. In rana ta yi sanyi dutsen ya yi ja, sai Barau ya ga kamar mutanen garinsu ne a jere da kwari da baka, shi ma yana tsakiyarsu.

A mafarki ke nan. Ido biyu kuwa bai taɓa shiga wannan sahu ba. Ɗan Sarkin Baka ne na wani ƙauye a bakin dajin Baban Rafi, can ƙasar Maraɗi, amma kibiyarsa ba ta taɓa samun abin da ya auna ba. Ya taɓa auna zabo ya huda gorar ruwan wani. Mutane su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sannan su waiwayo su dube shi su kwashe da dariya. In an fita farautar rani, shi ne mai dakon ruwa da nama. Abin ya ci masa rai, har yau kuma bai daina ba. Da ya sami aiki a Madina, garin da aka hana farauta, inda tantabara ke sauka kusa da ƙafarka ba ta ko kallonka, sai ya ce to, nan ne garin irinsa.

Shekaru suka ja, ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya. Sai ga saƙon murya daga yayansa Ɗanlami, wanda ya gaji sarautar bayan rasuwar mahaifinsu. Wai ya ga wani baka a waya, mai ƙananan tayoyi sama da ƙasa.

"Shi za ka kawo mini tsaraba. Amma don Allah kada ka zaɓa da kanka, kai da baka sai kallo. Ka bar wa mai kanti."

Barau ya yi dariya, dariyar ba ta yi masa daɗi ba. Wato zai koma da furfurarsa ya ci gaba da dakon bakan wani.

Bayan la'asar ya nufi wani kantin kayan shiga sahara a unguwar Al-Khalidiyya. Mai kantin, Haisam, jikan Hausawan Sudan ne, haihuwar nan. Hausarsa ta kakarsa ce, takan ɗan yi tafiya sai ta faɗa cikin Larabci.

"Ya ammi, wannan ba a sayen shi a bayan ido," in ji Haisam, yana kiransa baffa da Larabci. "Kamar takalmi ne, sai an gwada."

"Tsayinmu ɗaya da mai shi."

"Ɗayyib, mu gwada da kai."

Ya kai shi wani dogon ɗaki a baya, inda aka jingina allon gwaji mai rawaya a tsakiya. Barau ya riƙe bakan da hagu, ya ja tsirkiya da dama, yadda aka koya masa. Da fari ta yi tauri har kafaɗarsa ta yi ƙara, can tayoyin suka juya, nauyin ya saki kamar an sauke masa kaya daga ka. Ya saki kibiya. Ta tafi abinta ta caki katakon gefe. Bai ko yi mamaki ba, tsohuwar kunyar nan ce ta biyo shi har Madina.

Haisam bai kalli allon ba, Barau yake kallo.

"Lesh, don me kake leƙo kanka ta kan tsirkiya haka? Ajiye. Miƙa hannuwanka, ka haɗa su ka bar ɗan rami. Shuf, kalli rawayan ta ciki. Yanzu jawo su fuskarka a hankali."

Hannuwan suka taho da kansu suka sauka a idon hagu.

"Wallahi kai bahago ne, ya ammi. Kana ja da dama, kana auna da idon hagu. Ko giwa aka tsayar maka, gefenta za ka harba."

Nan take ƙuruciya ta faɗo wa Barau a rai. Ya ga kansa ƙarami a tsakar gida, ya miƙa hagu cikin akushi, an buge hannun. Ya ga mahaifinsa yana naɗe masa shi da tsumma, ba da mugunta ba, yana cewa ɗan Sarkin Baka ba ya bahago. Tun daga nan da dama ya ci, da dama ya gaisa, da dama aka koya masa jan baka, har shi kansa ya manta.

Haisam ya taka kujera ya sauko da wani kwali daga saman kanta. Na hagu ne, guda ɗaya tak, ya daɗe ba mai tambayarsa. Barau ya riƙe shi da dama, ya ɗana kibiya, ya ja da hannun da bai taɓa sa wa aiki mai daraja ba.  Rawayan ya zo ya zauna a gaban idonsa, bai gudu ko'ina ba. Ya ji ƙamshin ciyawar rani, ya ji kamar karnuka na haushi can nesa.

Kibiyar ta shiga cikin rawaya. Ta biyu ta sauka kusa da ita.

Ya yi murna, murnar kuma ta zo da zafi, don mahaifinsa, wanda ya fi so ya ga wannan, ya riga ya kwanta dama. Ya tsaya da baka a hannu hawaye na shiga gemunsa. Haisam ya juya yana gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara.

Baka ɗaya aljihunsa zai iya, kuma na hagu ba zai yi wa kowa amfani a garinsu ba. Yana cikin wannan tunani wayar Ɗanlami ta shigo.

"Ƙane, an samu?"

"An samu, Yaya. Sai dai ba zai yi maka ba. Na hagu ne."

"Na hagu kuma? Wa zai ja shi?"

"Ni."



"Ai Baba ya raba ka da wannan tun kana yaro."

"Hannun ya ɗaure, Yaya, idon bai ɗauru ba. In za ku fita farautar bana, ku nemi wani ya ɗaukar muku ruwa."