Kawu Ilu da Bututun Wucin Gadi

Ku da kuka san Kawu Ilu kun san ba a gayyatarsa suna sai an shirya jin magana. Kowa ya zo da "Allah Ya raya", shi kuwa sai ya karɓi goronsa, ya dubi uban jariri ya ce, "To, wani baki ya ƙaru. Ina ruwan da zai sha?" Ranar sunan 'yata ta fari a Fagge, a gaban surukaina ya yi mini haka. Na ce, "Haba Kawu, nono fa take sha." Ya ce, "Uwar kuma fetur take sha?"

Ƙanin mahaifiyata ne, kuma ƙarfinsa duk a gyaran famfo ya ƙare, tsakanin Fagge da Sabon Gari. Wata rana muna tafe a Bata, hanya ta cushe, sai kawai na ga mutumin nan ya durƙusa ya kafa kunne a ƙasa. Wani ɗan adaidaita sahu ya danna hon har ya gaji, ya leƙo ya ce, "Baba, me ya faɗi ne?" Kawu ko ɗagowa bai yi ba. "Ruwanka ne yake tsiyaya a ƙarƙashin kwalta, kai kuma kana yi mini ihu. Kashe injin nan in ji da kyau." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar ruwan garinmu, don har yau tana ci mini rai.

Mu 'yan garin da ke kasuwanci a Kano muna da ƙungiya, muna haɗuwa a zauren shugabanmu, Alhaji Sabo, nan Fagge. Garin lokacin ƙarami ne, sai dai titi ya ratsa shi, baƙi sun fara sayen filaye. Muka yi karo-karo za mu haƙa rijiyar burtsatse, mu ɗora tanki, mu ja bututu cikin gari. Ni burina ɗaya ne: ruwa ya kai Tudu, unguwar da ke can ƙarshen gari, inda Inna, mahaifiyata, take zaune. Ta tsufa, ƙafa ta ƙi, kullum tana bakin ƙofa tana jiran 'yan garuwa.

Ranar yanke shawara Kawu ya shigo da takardar buhun siminti a naɗe. Ya baje ta a kan tabarma. Ashe garin ya zana, amma ba garin da muka sani ba, wai yadda zai zama in jikokinmu sun yi aure. Alhaji Sabo ya sa tabarau, ya duba, ya sake dubawa.

"Ilu, waɗannan gidajen fa? Ai nan gonata ce. Wa ya ba ka izinin gini a ciki?"

"Ba ni zan gina ba, Alhaji. Magadanka ne. Kafin a yi arba'in ɗinka sun yanka ta."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Kawu ya dage sai an binne babban bututu mai inci shida daga tanki har Tudu. Ko Alhaji Rasaki, mai sayar da kayan famfo a Sabon Gari, wanda cinikinsa ne zai ƙaru, sai da ya ce, "Kai Ilu, gari za ka shayar ko kogi za ka ja?" Daga nan wani ya kawo kalmar da ta kashe mu. Ya ce a sa inci biyu na wucin gadi, in gari ya girma a canza.

Kawu ya miƙe tsaye. "Wucin gadi? Gadar katakon bakin kasuwarmu ta wucin gadi ce, a kanta na koyi tafiya, ga ni da furfura tana nan! Ku kun taɓa tone abin da kuka binne?"

Aka ce a ɗaga hannu. Duk aka ɗaga wa inci biyu, har da ni. Ina sauri ne, ina son Inna ta ga ruwa a shekarar. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan Yaya, har da kai?" Na ce, "Kawu, a fara da abin da ya samu." Ya naɗe takardarsa ya fita, bai ƙara taka zauren ba.

Shekarun farko ruwa ya zo, har muka riƙa tsokanar Kawu. Sai Allah Ya yi wa Alhaji Sabo rasuwa, gona ta zama gidaje, kowane gida ya huda bututun ya ja nasa. Kafin ruwa ya hau Tudu ya ƙare. Famfon ƙofar gidan Inna in ka murɗa sai huci kawai yake yi. Da muka tashi canzawa, sai muka tarar an jera shaguna a kan layin bututun, ba mai yarda a fasa masa daɓe.

Da ciwo ya kwantar da Kawu a ɗakinsa na Fagge, duk zuwan da na yi tambayarsa ɗaya ce: "Ruwa ya kai wa Yaya?" Ni kuma sai in kama gaisuwa. Ganin jikin ya yi nisa, wata safiya na juye ruwan leda a gora na kai masa. Na ce, "Albishirinka Kawu, an gyara. Daga famfon Inna na taro maka."

Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Ja'iri. Har warin ledar yana nan. Ko ƙaryar ba ka iya tsarawa ba."

Na yi dariya, dariyar ta koma kuka. Na kama hannunsa na ce, "Ka yafe mini Kawu, kai ne da gaskiya."

Ya ce, "Me zan yi da gaskiya? Yaya za ta sha ta ne?"

Bayan kwana huɗu ya cika. A Tudu aka yi zaman makoki, kuma ruwan da masu ta'aziyya suka yi alwala da shi a kurar 'yan garuwa aka turo shi, Inna na zaune tana kallo, ba ta ce mini komai ba. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya yafe masa kaifin bakinsa, Ya shayar da shi daga Alkausara. Mu kuma Ya yafe mana gajen hangenmu, Ya ba ni ikon kai wa Inna ruwa tun tana da ran sha.