Ciyawar da Akuya Ta Ƙi Ci

Wallahi 'yan'uwa, yau akuya ta sa ni kuka a unguwarmu ta Ruwais, nan ƙasa mai tsarki, kuma ba don ɓarnar da ta yi ba!

Kun san 'yan gwangwanayen da nake shuka kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki, da ruwan da nake saye wajen mai jaki. To, kwanan nan wata ciyawa ta fito a gwangwani ɗaya. Kullum maigida sai ya ce, "Halas, ya isa haka, Hauwa, cire ta, shanye mana ruwa take yi." Ni kuma kullum sai in ce gobe.

Yau da hantsi na manta ƙofa a buɗe. Sai ga akuyar maƙwabciya! Kafin in rarumo muciya ta cinye komai. Kuɓewa, yakuwa, har kwali! Amma ciyawar nan? Ta sansana, ta kau da kai.

Nan take na tuna. Marigayiya Inna takan ce, "Ɗanyar tafasa kaɗai akuya ke rainawa." Shi ya sa tun muna Sudan da tafasa take kewaye lambunta.

Na murza ganyen, na sansana. Tafasa ce! Ashe a gwangwanin nan na kakkaɓe tsohuwar jakar da Inna ta zo hajji da ita, da ragowar irin tafasa a ciki.

Maigida ya shigo, ya ga ɓarna, ya ce, "Yalla, tunda komai ya tafi, bari in tuge wannan ma."

Na riƙe hannunsa ina hawaye. Na ce, "Malam, akuya ma ta san shukar Inna ce. Kai ne za ka taɓa ta?"