Takabar Inna da Na'urar Ɗumama Gida

Shekarar da Baba ya rasu ne Yayana ya ga dama ya zamanantar da gidanmu na unguwar Flatbush, a nan ƙasar waje mai tsananin sanyi. Da, wata tsohuwar na'ura ce a bangon falo, mai kama da murfin kwano. Ka murɗa ta, boila, wato tukunyar dafa ruwa, ta kama a ƙasan gida, ruwan zafi ya bi bututu ya ɗumama ɗakuna. Baba kan murɗa ta kullum kafin ya fita masallaci.

Yaya ya cire ta, ya kawo sabuwa mai fuskar gilashi. Wayoyi biyu ya tarar a bango, ja da fara, ita kuwa sabuwar sai da ta uku. Ya wuni yana zura waya daga gindin boila, ni ina riƙe masa tocila, yana ta yi mini lacca.

"Wannan smart ce, ƙanwata. Tana da ido. In ta ga ba motsi, ta san an fita, sai ta kashe heat da kanta."

Ya kafa ta a falo, ya haɗa ta da wayar hannunsa, ya koma gidansa.

Inna kuwa tana takaba. Tun da aka ɗauki Baba ta ƙaurace wa falon, don kujerarsa na nan. Ɗakinta na can ƙurya, da bayi a ciki. Ni ina fita tun safe, in je in kula da tsohuwar wasu, in lulluɓe mata ƙafa da bargo, in tambaye ta ko shayinta ya huce. Tawa tsohuwar tana kan darduma da carbi, bututu na hucewa a bayanta. Da na turo ƙofa da yamma sai na'urar ta gan ni, ta kunna boila. Kafin in gama cire takalma da riga, gidan ya fara ɗumi, munafuka.

Inna ba ta taɓa faɗa ba. Mai takaba ba ta ƙorafi, balle a kan abin da ɗanta na fari ya kafa da hannunsa. Sai da tari ya kwantar da ita a asibiti na gane.

Har yau ina jin haushin Yaya. Kullum wayarsa na nuna masa cewa gidan ba kowa, shi kuma ya fi kowa sanin uwarsa ba ta fita ko bakin ƙofa. Bai taɓa tsayawa ya yi tunani ba.

A bakin gadon asibiti ya shiga kame-kame.

"Inna, setting ne kawai. Ita ta ɗauka ba kowa a gidan. Yau zan gyara."

Inna ta dube shi, ta gyara mayafinta.

"Bar ta, ai ba ƙarya ta yi ba. In na fita takaba, ka nema mini jirgin Kano."