Ludayin Gwaggo

Shekaranjiya masu bincike suka zo fadamarmu a Dayi, suna ɗiban ruwan kududdufi suna ƙirga 'ya'yan sauro, wai don su gano yadda sauyin damina ke canza lokacin zazzaɓi. Ina ganinsu na tuna Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta daɗe tana wannan aikin da tsohon ludayinta, ba wanda ya sa ta.

Wata shekara ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa. Muna gama yankan dawa na naɗe gidajen sauro na adana, kamar yadda muka saba. Ba a jima ba 'yata ta kwanta, jiki kamar garwashi. Da muka dawo daga asibiti, Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Hannuna ta ja har ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan gida. Ruwan ya yi kore, yana warin ruɓaɓɓen ganye. Ta tsoma ludayi ta miƙo mini. Ga 'ya'yan sauro nan, suna ta wutsil-wutsil.

Ta ce, "Ke lissafin wata kike yi, su ruwa suke bi. Je ki ɗaura kayan nan."

Yarinyar ta warke, yau ita ma da 'ya'yanta. Ludayin yana wurina, bakinsa ya tsage. Bana ma na tsoma shi bayan kaka, na bar gidajen sauron a ɗaure.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya shayar da ita ruwan da ba sai ta duba ba.