Shekarar da Baba bai kai taki gona ba

Shekarun baya, lokacin da tsada ta kai mutum ya shiga kasuwa da kuɗin mudu biyu ya fito da ɗaya, ina aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Kano. Nakan fassara labaran duniya, in shiga in karanta. Akwai wani irin labari da ke zuwa kusan duk mako: bankunan raya ƙasashe sun amince su ba da rance a gina masana'antar sarrafa man fetur da iskar gas, yau a Asiya, gobe a ƙasashen Larabawa, jibi a Kudancin Amurka. Wata roba za ta yi, wata taki. Ina karanta su ne kamar hasashen yanayin garin da ban taɓa zuwa ba.

Wata rana a tsakiyar rani labarin ya matso gida. Irin waɗannan bankuna za su zuba kuɗi a gina babbar masana'antar takin zamani a kudancin ƙasar nan, ana fatan manoma za su riƙa samunsa da sauƙi. Layin ƙarshe ya ce ginin zai ɗauki shekaru, kuma za a riƙa fitar da kaso mai yawa waje domin a samu abin biyan bankunan. Editanmu ya leƙo ya ce, "Malam, talla ta cinye mana lokaci, rage daƙiƙa ashirin." A sana'armu daga ƙasa ake yanke labari. Na soke layin ƙarshe da biro, na shiga na karanta da muryar nan da nake ji da ita.

Ƙauyenmu yana kusa da Tsanyawa. A wajenmu gona tana manne da gona, babu wadda ake bari ta huta, don haka duk rani sai an ciyar da ƙasa. Ana kwashe takin turke da toka da sharar gida, a loda wa jaki a mangala, a je a jibge tsibi-tsibi a gona kafin ruwa ya sauka. Abin da gonar Baba ta bayar shi gidanmu ke ci har wata kakar.

Da bazara na je gida. Tun daga inda bas ta sauke ni nake ganin baƙaƙen tsibin taki a kowace gona. Da na zo tamu sai na tarar da ita fayau. Na tsaya na sake duba iyakar, ko na ɓata ne.

A ƙofar gida na sami Baba da maƙwabcinmu, wani dattijo mai tsokana, suna zaune a tabarma. Maƙwabcin ya ce, "A'a, ga mai masana'anta! Ina ka baro motar takin, ko tana Bici tana shan mai?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ban ga taki a gona ba."

"Na bar wa wannan ya kwashe," in ji shi, yana nuna maƙwabcin. "Bayana ya gaji da mangala. Ga na zamani yana tafe da araha, ai kai ka faɗa. Da kunnena na ji."

Na gyara zama na yi masa bayani dalla-dalla, cewa hannu kawai aka sa a takarda, ko tubali ba a aza ba, kuma ko an gama ba lallai takin ya zo nan da araha ba.

"Ka san haka lokacin da kake karantawa?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"An ce in rage daƙiƙa ashirin."

Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa kwana biyu. Sannan ya gaya mini abin da ya fi tayar mini da hankali: mutum biyu a unguwarmu sun bi shi, su ma ba su kai taki gona ba. A ƙofar masallaci ya ce musu ɗansa ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba.

Tsokanar maƙwabcin ta ɗauke. Ya ce ya riga ya baza takin a gonarsa, saura mangala huɗu, a zo a ɗauka. Mangala huɗu ba ta isa ko kusurwa ɗaya ba. Ranar kasuwar Tsanyawa na je da duk abin da ke aljihuna. Buhun takin zamani ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, sai na sayi na awo, kwano-kwano. Da na kawo, Baba ya sa aka raba shi uku daidai, aka kai wa mutanen nan biyu nasu. Na buɗe baki zan yi magana, ya dube ni, na rufe.

Inna ce ta samo dabara. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mai karanta labarai ya cire takalminsa na ofis." Ta share turken awakinta da akurkin kaji, ta kwashe tokar murhu, ta bi gidajen 'yan'uwanta tana roƙon tasu. Ta ce ba za a baza ba, a ramin shuka za a riƙa sa ɗan dunƙule. Ruwa ya sauka kwana uku bayan haka. Baba yana gaba da sungumi yana sara, ni ina binsa da ƙwarya. Kafin azahar na gane cewa iya furta sunayen manyan bankunan duniya ba ya hana ƙugu ciwo. Takin ya ƙare mana da saura kusan rabin gona.

Na koma Kano, amma hankalina bai koma ba. Duk direban bas ɗin garinmu da na gani a tasha sai na tambaye shi yabanya. Wani ya ce ta yi kyau, wani ya ce ta yi ja. Ina cikin karanta labarin wani sabon rance a wata ƙasa sai in kama tunanin wa ke saurare, kuma me zai fasa yi gobe saboda ni.

Da kaka, ɓangaren da ya sami taki ya yi gero daidai gwargwado. Sauran kuwa ciyawar wuta-wuta ta cinye shi. Rumbu ya ƙare tun kafin wata daminar. Baba bai taɓa sayen hatsi ba tun da ya yi aure, wurinsa ake zuwa nema. Bai yarda ya saya a Tsanyawa ba, inda kowa ya san shi. Ya ce in raka shi Bici.

A gaban mai awo ya tsaya yana juya geron a tafin hannu, bai san ta inda mai saye yake fara ciniki ba. Ni na yi magana. Mai awon ya ɗago da sauri ya ce, "Wannan muryar! Ba kai ne na rediyo ba?"

Na so ƙasa ta tsage. Baba kuwa ya gyara tsayuwa ya ce, "Shi ne. Ɗana ne." Sannan ya buɗe bakin buhu ya riƙe.

An gina masana'antar daga baya, gona ta farfaɗo bayan shekara biyu na mangala, komai ya wuce. Har ya bar duniya Baba bai sake tayar da maganar ba, ko da wasa. Na sha yin fatan da a ce ya yi mini faɗa a kasuwar nan, a gaban mutane. Da na ɗauka na wuce. Abin da ya faɗa a maimakon haka shi ne har yau ban gama ɗauka ba.