Saja Alfred Da Lambobin Tagulla

A Tudun Wada babu wanda bai san Saja Alfred ba, ko da a tafiyarsa ce. Mutumin Kaltungo ne, aikin soja ya kai shi Laberiya ya dawo da shi da ɗingishi, amma har yau idan zai je sayen ƙosai sai ka rantse fareti za shi. Da ya yi ritaya, tsofaffin sojoji suka damƙa masa makullin ɗakin taronsu, wani tsohon gini mai rufin kwano da ke bayan layin teloli.

A ciki akwai kayan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya: huluna, begila guda, takalma, da lambobin yabo na tagulla, tun daga na 'yan yaƙin Bama. A bayan kowace lamba an zana sunan mai ita. Alfred ya riƙe su yadda aka koya masa a bariki, wato abin soja ba ya kwana da tsatsa. Toka, lemon tsami da tsumma, shekara da shekaru. Matarsa Jummy takan ce da tukwanenta suna samun rabin wannan gata, da ta huta.

Sai aka fara maganar rushe ginin a jera shaguna. Hanya ɗaya ta rage: hukumar tarihi ta aiko a duba, in an tabbatar kayan na sojoji ne sanannu, a bar ɗakin ya zama gidan tarihi. Alfred ya ji tsoro ƙwarai, don duk abokansa a ɗakin nan suka rage masa. To, soja in an ce manya za su zo dubawa, abu ɗaya ya sani. Ya zage, ya yi ta guga har yatsunsa suka yi kanta.

Wadda aka aiko wata matashiya ce, Najeeba. Alfred ya tarbe ta sanye da tsohon kakinsa, ya ƙame. Ta yaba tsaftar wurin, sannan ta ɗauki lamba ɗaya ta juya bayanta. Ta ɗauki ta biyu. Ta kai ta bakin taga ta karkata.

"Baba, ina sunayen?"

"Suna nan, 'yata. Wannan ta Kofur Babayo ce, tare muka sha ruwan harsashi."

"Na yarda, Baba. Amma da me kuke goge su?"

Ya faɗa mata, har da ɗan alfahari. Ta ajiye lambar. Sannan cikin ladabi ta ce toka tana cin tagulla kaɗan-kaɗan, kuma rubutun dama ba shi da zurfi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu ko harafi ba.

"Zan rubuta duk abin da kuka gaya mini," in ji ta. "Amma ba zan iya cewa na ga suna ba, kuma shi suke nema."

Alfred ya daɗe da daina karanta bayan lambobin, don ya san kowace a hannu, ga idon ma ya yi rauni. Ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya karɓi ta Babayo. Ya duba daidai inda sunan abokinsa yake a da. Bai ga komai ba sai fuskarsa.